Ni na narkar da sandar taubashina, auren Balkisu ya mutu a kai

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malama mai kula da wannan shafi, ina gaishe ki, ina gaishe da masu karatu manya da ƙanana. Don girman Allah a ɓoye sunana da lambata, sunayen da zan ambata ma ba na ainihi ba ne. Na san da kun ji maganar wasan waya ce wasu za su yi tsaki su wuce, wasu su ce ƙato da gemu ya rasa aikin yi. Ku faɗa, ba ku yi ƙarya ba. Amma ku daure ku kai ƙarshe kafin ku yanke mani hukunci, don duk zagin da za ku yi mani na riga na yi wa kaina wanda ya fi shi, bai kuma gyara komai ba. Shawara nake nema, in har da sauran shawara a wannan lamari.

Ni mutumin Tambuwal ne, shekarata talatin da fuɗu, ina da ɗan shago inda nake sayar da iri da taki da maganin feshi. Wanda ya san sana'ar ya san da damina ba mu da lokacin kanmu, da rani kuwa sai ka wuni kana korar ƙuda. Ina da ɗan kawuna a Kebbe, zan kira shi Bello. Taubashina ne, shi ɗan namiji ni ɗan mace, shi ya sa tun muna yara bai taɓa kirana da sunana ba, sai "bawana". Gidansu nake hutu, tare muka yi kiwo, tare muka sha duka. Da ya girma ya zama mai sayen dabbobi a kasuwannin ƙauye, mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya. Shekara fuɗu da suka wuce yana dawowa daga kasuwa bisa babur, mota ta ture shi cikin rami, bayansa ya karye. Daga ƙugu zuwa ƙasa bai sake jin komai ba. Lokacin aurensa da Balkisu, 'yar garin Jabo, bai cika shekara biyu ba, tana goyon 'yarsu Nana.

Abin da Balkisu ta yi wa Bello, wallahi ko uwa sai haka. Ita ke juya shi don kada jikinsa ya yi gyambo, ita ke wanke shi, ita ke zubar da abin da ba a faɗa, ita ke cicciɓar ƙato kamar Bello ta ɗora bisa keken guragu ta tura shi zaure. Mutanen garinsu sun sha ce mata ta taho gida tun da sauran ƙuruciyarta, ta ƙi. Shi kuwa shekarar farko bango ya juya wa fuska. In ka je gaishe shi sai "lafiya lau" kawai, abinci sai an yi da gaske. Ni ne na ga abin ya ishe ni, wata Juma'a na hau babur na tafi Kebbe, na karɓi wayarsa na sa masa wasan da nake yi a shago. Ni na kai masa abin da hannuna, ku riƙe wannan.

Ga waɗanda ba su sani ba, wasan irin wanda mutane da yawa ke shiga lokaci guda ne ta intanet, kowa da mutum-mutuminsa. Kana farawa da tsumma da guntun ƙarfe, kana kashe ƙananan dabbobi kana hawa mataki. Sabon shiga yana zaton in ya kai matakin ƙarshe ya gama, ashe nan ne wahalar take farawa. Daga nan ba sauran hawa, sai neman kaya: sulke, hula, takalmi, zobe, makami. Kayan kirki kuma ba sa samuwa sai a jikin manyan dodanni da ke cikin koguna, waɗanda mutum ɗaya ba ya iya kashewa, sai an haɗu mutum goma kowa da aikinsa, sau ɗaya a mako. Ku kashe dodo ya yar da abu biyu ko uku, ku goma. In ka samu makamin ma ba ka gama ba, sai ka kai shi wurin maƙerin cikin wasan ka ƙara masa ƙarfi da wasu duwatsu da ake tarawa da ƙyar, daga ɗaya har goma sha biyar. Na farko-farkon ba wuya, amma daga sha biyu zuwa sama ƙirar tana iya faɗuwa, duwatsunka su tafi a banza, makamin ya koma baya. Kuma kowane sabon kogo yana da irin ƙarfin kayan da yake nema, in ba ka kai ba ko ƙofar ba za ta buɗe maka ba. Kana neman kaya don ka shiga kogo, kana shiga kogo don ka samu kayan shiga wani kogon. Na san yadda abin yake a kunnen mai hankali. Amma in kana ciki ba haka kake ganinsa ba.

Ni mai takobi ne a wasan, Bello ya zaɓi mai magani, wato wanda ke tsayawa baya da sanda yana warkar da waɗanda dodo ya raunata, yana tayar da waɗanda suka faɗi. Cikin wata shida ya wuce ni nesa. Yana da lokaci, yana da haƙuri, ga kai. Ƙungiyarmu ta Hausawa ce zalla, akwai na Sakkwato, na Birnin Kabi, na Zariya, har da mutum biyu daga Nijar, kowace Asabar bayan La'asar muke shiga kogo muna magana ta murya. Ba wanda ya san Bello a kwance yake sai ni. Su dai sun san in Bello na nan ba a mutuwa. In sabis ya yi rauni a ɗaki sai Balkisu ta tura shi gindin dalbejiyar ƙofar gida, nan ne waya take kamawa sosai. Mutumin da ya juya wa bango fuska sai ga shi yana ihu yana dariya, yana ba mutanen Zariya umarni. Wata rana na je na tarar da shi yana cin tuwo da hannu ɗaya, waya a ɗayan, ya dube ni ya ce, "Bawana, ka san mi nika so ga wanga abu? Nan ciki ni ka ɗaukar mutane, ba ɗaukata aka ba." Na yi dariya lokacin. Yanzu in na tuna maganar sai in ji kamar an zuba mani garwashi a ciki.

Sandarsa kuwa, wata goma sha huɗu ya yi yana gina ta. Sau uku tana faɗuwa a sha huɗu tana komawa baya, yana sake tarawa dutse ɗaya-ɗaya. Ranar da ta kai sha biyar ya kira ni muryarsa na rawa kamar an yi masa haihuwa. Duk ƙungiyar shi kaɗai ke da makami mai sha biyar a lokacin.

Balkisu ba ta son wasan, ba ta kuma ɓoye ba. Da farko ta yi murna da ya fara cin abinci, daga baya abin ya fara ci mata rai. Ta kawo ruwan wanka ya ce ta jira a kashe dodo, ruwan ya huce ta sake ɗorawa. Lokacin juya shi ya yi ya ce kada ta taɓa shi yanzu. Nana ta zo da surutunta ya kore ta. A gabana ta taɓa ce masa, "Wallahi wata rana sai na goge wanga abin daga wayag ga kowa ya huta." Muka yi dariya mu duka uku, har ita. Magana ce irin ta mace da ta gaji, ba wanda ya ɗauke ta da nauyi.

To saboda yawan zama bisa keke wuri ɗaya, gyambon da take ta gudu ya fito masa a mazaunai, ya ci ciki, zazzaɓi ya rufe shi. Aka ce sai Sakkwato, sai an yi aiki. Ranar da za a tafi, mota na ƙofar gida, ya kira ni kusa ya raɗa mani lambar sirrinsa ta wasan. Ya ce, "Ka riƙa shiga kana yi min ayyukan kullum kada a wuce ni. Amana, bawana. Ko Balkisu ba ta san ta ba." Na ce haba, wannan ai ba sai ka faɗa ba.

Mako biyu na yi ina riƙe da amanar. Sai aka buɗe wani sabon kogo, wanda aka ce shi ne na ƙarshe, ba a shiga sai da makami mai sha biyar. Lokacin mutum tara sun kai a ƙungiyar, har da wani mai magani da aka ɗauko ya riƙe gurbin Bello. Saura gurbi ɗaya, mu biyu ke nema, ni da wani ɗan Birnin Kabi, dukanmu a sha huɗu. Shugaban ƙungiyar ya ce duk wanda ya riga kaiwa kafin Asabar shi za a tafi da shi. Shekara uku ina wasan nan, tun kafin rabinsu su san shi, a ce ranar babban kogo ina waje ina sauraron labari? Duwatsuna ba su kai na gwaji ko ɗaya ba, tara su kuma sai wata biyu.

A makon ne na je asibiti dubiya. Na tarar da Bello kwance rub da ciki, an yi aikin amma zazzaɓin ya ƙi sauka, bai ma gane ni ba. Balkisu na zaune ƙasa bisa tabarma idonta ya faɗa, wayarsa na cikin jakarta a kashe. Kawu ya ja ni waje ya ce, "Sai addu'a, likita bai ba mu ƙarfin gwiwa ba." Na yi kuka a hanya, Allah ne shaidata na yi kuka. Amma ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Kafin mota ta iso Tambuwal wani tunani ya riga ya zauna mani a rai: in Bello ya tafi, sandar nan fa shi ke nan, ta mutu tare da shi a banza. A wasan ba a iya ba wani babban makami, ɗaure yake da mai shi, amma ana iya narkar da shi a samu wani kaso na duwatsun da aka zuba, su kuma ana iya aika wa wani. Wane irin mutum ne yake wannan tunanin yana dawowa daga gadon ɗan'uwansa? Ɗan'uwana yana numfashi, ni a raina har na yi masa sutura ina rabon gado.

Ranar Laraba da hantsi, ina shago ba mai saye, na shiga da lambarsa. Na gaya wa kaina in ya tashi zan sake gina masa, ai ni ma zan yi ƙarfi in taimaka masa. Wasan har sau biyu ya tambaye ni ko na tabbata, don abin ba ya dawowa. Sau biyu na danna eh. Wata goma sha huɗu suka narke kafin in ƙifta ido. Na aika wa kaina duwatsun, na goge saƙon. Sun isa gwaji biyu. Na kai takobina wurin maƙeri, na danna. Ya faɗi. Na ce ai na biyun ba zai faɗi ba, Allah ba zai bari in yi wannan abin a banza ba, ku ji fa, har Allah nake sakawa a cikin satata. Na danna. Ya sake faɗuwa, takobin ya koma sha ɗaya. Na zauna ina kallon wayar, wani dattijo ya shigo yana tambayar irin alayyafo, sau uku yana magana ban ji ba. Ranar Asabar ɗan Birnin Kabi aka tafi da shi.

Sai Bello ya warke. Zazzaɓin ya sauka, ciwon ya fara haɗewa, bayan wata ɗaya aka sallame su. Kowa na hamdala, ni ma ina yi da baki kawai. Shin akwai wanda ya taɓa jin tsoron samun sauƙin ɗan'uwansa? Ni na ji. Kwana ɗaya da komawarsu Kebbe wayata ta yi ƙara. Ko sallama bai yi ba.

"Bawana, ina sandata?"

Na ce wace sanda, ba tana nan ba?

"Babu ta. An narkar da ita, duwatsun ma babu. Yaushe rabonka da shiga?"

A nan ne ya kamata in faɗi gaskiya. Da na faɗa da ya zage ni, da ya yi wata uku ba ya ɗaga wayata, da ya wuce. Amma bakina ya riga hankalina. Na ce, "Ni tun Litinin ɗin makon da anka yi maka aiki ban samu shiga ba. Duk sadda na gwada sai ya ce akwai wata waya da ke ciki. Na ɗauka kai ne ka samu sauƙi kana taɓawa." Wallahi tallahi ban yi nufin kowa ba. So nake kawai in ture abin daga kaina, ya faɗa kan ɓarayin intanet ko wani can da ba a sani ba. Ban tuna cewa wayar da ke buɗe wasan ba tare da lamba ba guda ɗaya ce a duniya, kuma wata ɗaya ta yi cikin jakar Balkisu. Ya ce, "To. Na gane." Ya kashe.

Abin da ya biyo baya a bakin Inna, mahaifiyarsa, na ji shi. Ya kira Balkisu ya tambaye ta, ta ce ita ko buɗe abin ba ta iya ba, wayar ma sau biyu ta kunna ta don ta kira gida. Ya ce ai ta sha faɗa za ta goge, ga shi ta samu dama yana kwance bai san inda kansa yake ba. Ta ce wasa take. Ya ce ba sandar ke yi masa ciwo ba, a'a, ashe duk hidimar nan da take yi tana jin haushinsa ne a ɓoye, abu ɗaya da ya rage masa da yake jin shi namiji ne shi ta bi ta kashe. Ta yi alwala ta ɗauko Alƙur'ani ta dafa a gaban Inna ta rantse. Ya kawar da kai ya ce, "Wanda ya iya wancan ya iya wannan." Inna ta ce Balkisu ba ta yi kuka ba. Ta mayar da Alƙur'anin inda yake, ta ce, "Shekara fuɗu ina kwashe kashinka ban taɓa yamutsa fuska ba. In rantsuwata ba ta kai darajar sandar cikin waya ba gare ka, ba ni takardata." Shi kuma zuciya ta ɗebe shi, ya ce a miƙo masa biro. Saki ɗaya. Washegari ƙaninta ya zo da mota ya kwashe ta da Nana zuwa Jabo.

Ina jin wannan labari ina shago na rufe ƙofa na zauna bisa buhun taki. Na ɗauki waya zan kira shi ya fi sau goma ina ajiyewa. Na ce bari ƙura ta lafa, gobe. Gobe ta zama jibi. Kullum da na ƙara kwana gaskiyar tana ƙara nauyi, don yanzu ba sanda kaɗai zan amsa ba, har da dalilin da ya sa na yi shiru ina kallo aka kori matarsa. Mako ya zama wata.

Kuma kun san abin da ya fi ƙona mani rai? Mako shida da faruwar abin masu wasan suka fitar da sabon zango. Aka ƙara matakai, aka kawo sabuwar ƙasa. Ƙananan kuraye na bakin hanya, waɗanda sabon shiga ke kashewa shi kaɗai, suka fara yar da makaman da suka fi mai sha biyar ɗin da ƙarfi. Duk ƙungiyar kowa ya narkar da nasa da hannunsa yana dariya. Babban kogon da na sayar da amana dominsa, yanzu mutum uku ke shiga su gama kafin shayi ya huce. Ashe da na bar sandar nan, da Bello da kansa zai jefar da ita. A kan abin da bai kai wata biyu yana da daraja ba na raba mutum da matarsa. Na cire wasan daga wayata ranar, amma me cirewar ta gyara?

Bello bai sake shiga ba. 'Yan ƙungiya suna ta tambayata ina mai maganinmu. Ya koma wa bangonsa. Inna ta tsufa, ba ta iya juya shi, kawu kuma da ciwon baya, sai an jira maƙwabci ya dawo daga gona a ɗaga shi. Gyambon da aka sha wahala aka rufe ya fara buɗewa ta gefe, ɗakin ya fara wani wari da ba ya yi lokacin Balkisu. Duk Juma'a nake zuwa in wanke shi in canza masa shimfiɗa, mutane na ta sa mani albarka, wai taubashi ya fi ɗan'uwa na ciki ɗaya. Kowace albarka kamar mari nake jin ta. Makon jiya ina goge masa baya ya ce, "Bawana, kowa ya gaji da ni sai kai. Da ba ka nan da ban san mi za ni yi ba." Na ce ya daina irin wannan magana. Ya ce, "Ina kewar Nana. Ita ma uwar ina kewarta, ba ni ɓoye maka. Da za ta ce min dai ta yi, ta ce ɓacin rai ne, wallahi na yafe tun ba ta rufe baki ba. Ƙaryar ce ba ni iya haɗiyewa." Ina riƙe da tsumma a hannu, bakina ya buɗe, na rantse har na ja numfashin da zan faɗa. Sai na ji kaina ina cewa, "Allah ya daidaita."

Kamar wannan bai isa ba, kawu ya ce ni zan je biko, tunda ni ne na kusa da su duka biyun kuma Balkisu na jin nauyina. Ranar Lahadi na tafi Jabo. Mahaifinta ya karɓe ni a zaure da mutunci, ya ce shi bai hana ba, amma 'yarsa ta yi abin da addini ya ce har ta wuce, in idda ta cika ba ta koma ba kada wani ya sake tako masa ƙofa da wannan magana. Aka yi mani iso. Ta rame, Nana na maƙale da ita tana tambayata ko na zo da Baba. Na isar da saƙon, na ce ya ce ya yafe, ita dai ta amsa laifin kawai a wuce wurin. Ta dube ni ta ce, "Yaya, mi za ni amsa? Abin da ban yi ba? In na ce na yi don in koma, to rantsuwar da na yi da Littafin Allah ta zama mi? Kuma har in mutu kallon maƙaryaciya zai riƙa yi min, ɗiyata ta tashi ta ji. Ni ban ƙi shi ba. Ko yanzu tunanina wa ka juya shi." Sai ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Kai ka san wanga wasa ciki da waje. Don Allah ba yadda za a bincika a gano wanda ya yi? Ni kullum na kai goshina ƙasa sai na roƙi Allah ya tona asirin ko wane ne, ya hana shi kwanciyar hankali yadda ya hana ni." Na ce amin. Da bakina na ce amin. Na fito ko furar da aka kawo mani ban iya sha ba.

Yanzu ga inda nake. An ce iddarta saura kamar mako biyu. In na faɗi gaskiya, wataƙila ta koma, wataƙila kuma ta ce mutumin da ya yarda da maganar taubashi ya ƙi rantsuwarta ba mijin zama ba ne, don maganar da ya faɗa mata ba ni na sa masa a baki ba. Bello kuma zai gane cewa ya wulaƙanta matar da ta ba shi ƙuruciyarta a kan ƙarya, kuma mutum ɗaya da ya rage yake jingina da shi shi ne ya narkar da abinsa yana gadon asibiti don ya ɗauka ba zai tashi ba. Jikinsa ba ƙwari, ina tsoron abin da wannan zai yi masa. Zai hana ni shiga gidan, to wa zai wanke shi ranar Juma'a in ita ma ba ta dawo ba? Mahaifiyata da kawu su biyu suka rage a ɗakinsu, wannan magana za ta shiga tsakaninsu har kabari. In kuma na yi shiru, aure ya mutu, yarinya ta tashi ba uba kusa, baiwar Allah ta ci gaba da ɗaukar sunan da ba nata ba, shi kuma ya ruɓe a ɗaki a hankali ina zuwa ina goge masa baya ana sa mani albarka. Na yi tunanin in ce masa na bincika na gano ɓarayin intanet ne, ita ta fita ni ma in fita. Amma wata ƙaryar ce bisa ƙarya, kuma Bello ba wawa ba ne, zai tambaye ni me ya sa sai yanzu, daga nan zai fara haɗa zaren da kansa.

Na yi istigfari har na gaji, amma na san haƙƙin mutum ba ya faɗuwa da istigfari. Abinci ba ya shiga, matata na tambayata ko ciwo nake ɓoyewa. Duk hanyar da na duba wani ne zai karye, kuma ba na ganin wadda za ta mayar da gidan nan yadda yake. Jibi Juma'a, kawu yana jiran in kawo masa amsar Jabo a gaban Bello.

Jama'a, don Allah, wanda zai zage ni ya zaga, amma ya haɗa da amsa. In fara da Balkisu ne ko da Bello? In faɗa a gaban kawu ko mu biyu a ɗaki? Ko kuwa lokacin faɗar ma ya riga ya wuce ni? Me zan yi?